Injin kafe ya shigo gida, sai a zauna a yi lissafi

Akwai wani baƙo da ya shigo birnin Yamai ba sallama, yau kuma ga shi yana neman wurin zama a cikin gidajenmu. Da farko a manyan otal-otal na bakin kogi ake ganin sa, da ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin agaji. Daga nan ya gangaro bankuna, ya shiga biron daraktoci, inda sakatare kan tambayi mutum ƙarami yake so ko babba tun bai faɗi abin da ke tafe da shi ba. Yanzu kuwa ya kai falon ma'aikacin gwamnati, da na ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai da Istambul. Injin kafe nake nufi, irin wanda ake jefa wa ɗan kwanso, wato kapsul, a danna maɓalli, kafin a ƙirga talatin ya tsiyayo da kafe baƙi wuluk mai kumfa a kai. Na daɗe ina shan na biro, bana kuma na ƙudura in sayi nawa na gida. Makonni na yi ina yawon butik-butik, ina tambayar waɗanda suka riga ni, abin da na tsinto kuma na ga ya cancanci in baje shi a wannan shafi, domin na san ba ni kaɗai ne ke cikin wannan shawara ba.

Mu dai asali ba masu shan kafe ba ne. Abin da ya hana kakanninmu barci goro ne, wanda fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna ɗaukowa daga Gwanja bisa jakuna, kuma sinadarin da ke wartsake mai cin goro shi ne dai wanda ke cikin kafe. Bayan goro sai shayi, ganyen Sin da ake dafawa bisa gawayi a ƴar buta, a sha na fari da na biyu da na uku. Kalmar gahawa muna da ita tun tuni daga Larabawa, amma ta fi zama a bakin malamai da alhazai. Kafen da ya shiga jinin talaka shi ne Nescafé, garin nan mai narkewa da kamfanin Nestlé ya fito da shi a ƙasar Suwis a 1938, wanda kuma yake da masana'antarsa a Abijan. Shi ne a teburin mai shayi, tare da madarar gwangwani da burodi da ƙwai. Shi muka sha a lise lokacin da jarrabawar bak ta matso, cokali biyu a ruwan da ko tafasa bai gama yi ba, muna tilawar darasi ƙarƙashin fitilar titi. Duk wanda ya taso haka, ranar da ya fara kurɓar kafen inji sai ya ji kamar an buɗe masa wata taga: ga ƙamshi, ga kauri, ga ɗaci mai daɗi da ba ya bukatar a binne shi da sukari. Ba na musun wannan daɗi, shi ne ma ya kai ni kasuwa.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. A cikin kowane kapsul akwai garin kafe kimanin giram 5, an rufe shi ruf yadda iska ba ta shiga, shi ya sa yake watanni bai rasa ƙamshi ba. Idan aka rufe bakin injin sai wasu ƴan allurai su huda kwanson, famfo ya turo ruwan zafi da ƙarfi ya ratsa garin, kafe ya fito ta ɗaya gefen. Ƙarfin turin nan, wanda ake aunawa da ma'aunin da ake kira bar, shi ke kawo kumfar. Ƙaramin kofi mililita 40 ne, babba 110. Kwanso ɗaya, kofi ɗaya, mutum ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani injiniyan Nestlé mai suna Eric Favre ne ya ƙirƙiro dabarar a 1976, bayan ya ga yadda masu sayar da kafe ke aiki a birnin Roma. Sai a 1986 aka fito da ita kasuwa da sunan Nespresso, aka nufi ofisoshi da ita, ciniki bai yi armashi ba. A 1988 aka kawo wani mutum mai suna Jean-Paul Gaillard ya karɓi ragama, shi ne ya juya akalar zuwa gidajen masu hali, aka mai da shan kafe wata ƙungiya ta ƴan gata wadda sai ka yi rajista ake aiko maka da kapsul. Daga 2006 ɗan wasan Amurka George Clooney ya shiga yi musu talla, sunan ya cika duniya. Abin dariya, shi wannan Gaillard daga baya ya kafa nasa kamfani yana ƙera kapsul masu shiga injin tsofaffin iyayen gidansa, aka yi ta shari'a. Wajen 2012 wa'adin manyan takardun mallakar fasahar ya fara ƙarewa, a 2014 kuma hukumar kula da gasar kasuwanci ta Faransa ta sa kamfanin ya yi alkawarin daina toshe wa sauran ƙofa. Tun daga nan kowa ya shiga ƙera kwanson da ke shiga tsohon injin, daga manyan kamfanonin kafe na Italiya har manyan kantunan Turai masu buga nasu suna.

Na kawo wannan tarihi ne domin a cikinsa amsar tambayar take. Ƴan kasuwarmu sun san dabarar tun kafin Turawa su rubuta ta a littafi: ka sayar wa mutum fitila da araha, kananzir kuma a wurinka zai riƙa saye har abada. Ma'aikatan biro su ma sun san ta, domin sun ga injin buga takarda da ake saye da sauƙi, tawadarsa kuma ta cinye kasafin shekara. Mai zaɓen injin kafe, a gaskiya kwanso yake zaɓa, domin kowane inji da irin kwanson da bakinsa ke karɓa, na wannan ba ya shiga wancan. Saboda haka tambayar farko a butik ita ce wane kapsul yake ci, su wa ke ƙera shi, kuma a ina zan same shi a Yamai ranar da na gida ya ƙare. Launi da ƙyalli su biyo baya.

Iri huɗu na fi cin karo da su. Akwai tsohon tsarin Nespresso, mai ƙaramin kwanso na alminiyom, ƙarfin turinsa bar 19, injunan kuma kamfanoni irin su Krups da De'Longhi da Magimix ne ke ƙera su. Baƙin kafe kaɗai yake yi, amma shi ne wanda kowa ke ƙera wa kapsul. Akwai sabon tsarinsu mai suna Vertuo, wanda ya fito a 2014: kwansonsa kamar rabin ƙwallo, da wasu zane-zane a gefensa waɗanda injin ke karantawa kafin ya yarda ya yi aiki, sa'an nan ya juya shi da gudu maimakon ya tura ruwa kawai. Yana cika babban kofi, yana da kyan gani, amma an ƙera shi ne domin a sake rufe ƙofar da ta buɗe, da wuya ka sami kwansonsa a hannun wani kamfani dabam. Wanda ke zaune Yamai ya sayi wannan ya ɗaure kansa da igiya mai tsawon kilomita dubbai. Akwai Dolce Gusto na Nescafé, wanda ya fito a 2006, mai babban kwanso na roba da bar 15. Shi ne abokin yara da mata da duk mai son zaƙi, domin yana yin kafe da madara, yana yin cakulan. Sai dai a lura, yawancin masu madarar kwanso biyu suke ci, ɗaya na madara ɗaya na kafe, kwali mai 16 kofi 8 ne ke nan. Na huɗu shi ne Senseo, wanda Philips da Douwe Egberts suka fito da shi a 2001, shi ba kwanso yake ci ba, ƴar jakar takarda ce kamar ta Lipton. Ya fi araha, kafensa ya fi ruwa-ruwa, kuma da zarar an buɗe ledar jakunkunan sai zafinmu ya fara shanye ƙamshin.

Gargaɗi ɗaya ga masu ƴan uwa a Amurka. Injin da ya fi yawa a can shi ne Keurig, kwansonsa dabam ne, kuma kayan lantarkin can da bolt 120 suke aiki, namu kuwa 220 ne. Tsarabar da aka jona kai tsaye hayaƙi za ta yi tun ranar farko.

Yanzu mu zo ga kuɗi, mu kuma ƙirga da dala da jika yadda muka saba. A can Faransa, inda ba a biya kuɗin jirgi ko na duwan ba, kapsul na asali yana kusan rabin yuro. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato 656 in an cike, rabinsa 328, mu ce dala 65 da ƴan kai. Tun da giram 5 ne a kowane kwanso, sai an tara 200 ake samun kilo guda, kilon kafe ya tashi jika 65 da ɗoriya ke nan. Ƙaramin injin kansa a can yuro 100 ne ko kusa da haka, shi ma jika 65. Ashe kowane kilo ka sha, ka sake sayen injin. Mai shan kofi biyu a rana zai ci kwanso 730 a shekara, kuɗinsu ya doshi jika 240. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a ƙasar nan daga Janairun 2024 jika 42 ne a wata. Kafen mutum ɗaya, shi kaɗai, ya kusa cinye albashin wata shida na mai gadin ƙofarsa. Wannan kuwa farashin Paris ne. Kafin kwalin ya iso kantin Plateau an ɗora masa kuɗin hanya da na duwan da ribar mai kanti, wanda shi ma ba don Allah ya buɗe butik ba. Kwanson sauran kamfanoni ya fi sauƙi, wani har rabin kuɗin, garin kafe na ƙunshi kuma ya fi su duka sauƙi nesa ba kusa ba. A tuna kuma cewa kafe kansa ya yi tsada a duniya: a Fabrairun 2025 farashin arabika ya haura dalar Amurka 4 kowace laba a kasuwar New York, abin da ba a taɓa gani ba, sabili da farin da aka yi a Barazil da Biyetnam.

Mahaifina, wanda ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, da na karanta masa wannan lissafi sai ya yi murmushi ya tuno mini watan Janairun 1994. A dare ɗaya aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa da ke 50 ya koma 100, duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka, albashi kuwa yana nan inda yake, in ma ya zo. Ya ce a shekarar ne gidaje da yawa na ma'aikata suka rabu da man shanun kwali da madarar gari, suka koma wa koko da ƙosai, kuma ba wanda ya mutu. Abin da ya fi ba shi tausayi, in ji shi, su ne waɗanda suka riga suka saba da abin da ba su iya bari. Mu ƴan baya ba sai an ba mu labari ba, mun ga namu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, Air France ta daina sauka Yamai, ita ce kuwa ke ɗauko akwatunan da yawancin kapsul ɗin birnin nan ke zuwa a ciki. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville ta ci gaba da zama a rufe a shekarar, kayan da aka saba saukewa a Kwatano suka koma Lome, suna ratso Burkina cikin ayarin manyan motoci da rakiyar soja. A lokacin shinkafa da magani ake jira, wa zai tsaya kukan kwanson kafe? Na san biro fiye da ɗaya inda injin ya zauna wata da watanni an rufe shi da ƙyalle, gwangwanin Nescafé ya dawo bisa tebur ba tare da ya yi wa kowa gori ba.

Sai maganar wuta. Waɗannan injuna ƙanana ne a ido, amma lokacin da suke dafa ruwa suna jan wat 1.200 zuwa 1.500, kamar dutsen guga. Tun da minti ɗaya ne ko biyu, ba za a ji shi sosai a takardar kuɗin wuta ba. Inda ake jin sa shi ne ranar da aka ɗauke wuta: ƙaramin gurup ɗin nan da ke riƙe fanka da talabijin ba ya iya tashe shi, haka ma ƙaramin sola na gida. Kowa ya san kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga Nijeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi, an yanke ta a Agustan 2023, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Tashar Gorou Banda da aka buɗe a 2017, da filin solar da aka ƙara mata a 2023, sun rage zafi, amma duk wanda ya yi watan Afrilu da Mayu a Yamai ya san yadda wuta ke yi sa'ad da kowa ya kunna abin sanyaya ɗaki. Wutar da ke tafiya ta dawo da ƙarfi ita ce ajalin ƙananan na'urorin da ke cikin injin. Wanda zai saya, ya sa kuɗin regilatar cikin lissafi, ya kuma cire filogi in ya gama. Ƙurar hunturu ma ba ta raga masa, sai an rufe shi, a riƙa wanke tankin ruwan, a kuma bi da maganin wanke gishirin da ke taruwa a bututunsa lokaci-lokaci.

Wani dattijon ɗan kasuwa da ke kawo kayan lantarki daga Dubai, wanda na daɗe ina ciniki da shi a kusa da Babbar Kasuwa, shi ya faɗa mini abin da babu a takardar talla. Na ce masa, “Alhaji, wanne za ka ba ɗanka in shi ne ya zo saye?” Ya ce, “Ɗana, wanda ba shi da wayo. Duk injin da ka ga yana da allo da fitilu da yawa, har ana cewa yana magana da salula, ranar da ya yi fushi ba mai lallashinsa a garin nan. Ɗauki mai maɓalli biyu. Famfo ne da abin dafa ruwa da roba, in ya tsaya yaran Katako za su buɗe shi su gane kansa.” Na ce garanti fa? Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce garantin da aka rubuta a Turai ai sai a Turai, shi nasa garantin shi ne a jona a gabanka ka ga ya yi aiki. Ya ƙara da cewa in duba ranar da aka buga a gindin kowane kwalin kapsul, domin kayan da suka kusa ƙarewa a can su ne wasu ke kwasowa da araha, su zo su ƙara kwana cikin kwantena a rana.

Duk wannan lissafi ne, kuma lissafi yana da amsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai dabam ne. Na ce ku riƙe maganar kwanso ɗaya, kofi ɗaya, mutum ɗaya. An ƙera wannan inji ne domin mutumin da ke zaune shi kaɗai ko shi da matarsa a wani bene na Jeneba, wanda ba a shigo masa sai an yi alkawari tun mako guda, wanda zai sha a tsaye ya ruga ya kama jirgin ƙasa. Gidajenmu ba haka suke ba. Ƙofa a buɗe take, wanda ya zo gaisuwa ya tarar da wanda ya zo neman aiki, ga ɗan uwa daga Doutchi ya sauka kwana uku, ga maƙwabci ya leƙo. Butar shayi ba ta ƙirga kai: in mutum biyar ne ta ishe su, in na shida ya shigo a ƙara ruwa da sukari, ganyen ƴan daloli ya riƙe hira daga la'asar har magariba. Jinkirin ma da amfaninsa, domin tsakanin na fari da na uku ne ake gama gaisuwa, a yi shiru, mai bukata ya sami bakin faɗin bukatarsa. Fadojin samarin da suka cika unguwanninmu tun shekarun 1990 a kan wannan buta suka kafu, da yawansu ba su da aikin yi, amma ba a taɓa jin an kori wani domin shayi ya kasa ba.

Injin kuwa ƙirga kai yake yi, kuma yana koya wa mai shi ƙirgawa. Baƙo goma kwanso goma ne, jika uku da wani abu a farashin Paris, a zama ɗaya. Na ga abin da wannan ke jawowa a gidan wani abokina, mutumin kirki wanda ba a san shi da rowa ba. Injin na falo bisa wani ɗan tebur, an jera kwansuna masu launi-launi cikin kwanon gilashi. In babban baƙo ya zo sai a danna masa, in ɗan uwa ne daga ƙauye sai a ce a ɗora shayi. Ba wanda ya ce komi, amma kowa ya gani, kuma wanda aka ɗora wa shayin ya san matsayin da aka ba shi. A da abin da ke cikin buta ɗaya kowa ke sha, darakta da direbansa. Ni ina ganin wannan hasara ce da ta fi ta jika 240, kuma ita ce ba a rubuta a jikin kwali ba.

Uwargida, wadda ita ke riƙe da kuɗin cefane, ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, “Malam, in don kanka ne, da kuɗin aljihunka, ba ni da ta cewa. Amma kada ya zauna a falo. In ya zauna a falo, ko dai mu ba kowa mu talauce, ko mu zaɓi waɗanda za mu ba mu ji kunya.” Hajiya mahaifiyata kuma da aka kai mata kofi ta kurɓa sau ɗaya, ta yamutsa fuska, ta tambaya ko maganin shawara ne, ta ce a miƙo mata goronta.

Ya kamata in faɗa, domin adalci, cewa akwai hanyoyin shan kafe mai kyau ba tare da kwanso ba. Akwai ƴar butar nan ta Italiya mai hawa biyu, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933: ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, a ɗora bisa gaz ko gawayi, kafe ya hau sama da kansa. Ba ruwanta da wuta, ba abin da ke lalacewa a jikinta sai zoben roba, babbarta kuma tana ba mutum shida. Ƴan Senegal da ke zaune cikinmu suna da kafen Touba, wanda suke haɗawa da kimba, kimbar nan dai tamu ta yaji da kunu, su tace a ƙyalle. Garin ma ba sai daga Turai ba. Ƙasarmu ba ta noma kafe, amma Kodebuwa na noma robusta mai yawa, Togo na da nata a tsaunukan Kpalimé, Nijeriya na da arabika a tsaunin Mambila, Habasha kuwa, inda arabika ya samo asali, jirginta na sauka Yamai, kuma ƴan kasuwarmu masu zuwa Sin ta Adis Ababa suke bi. Akwai abin mamaki a ce kafen da aka noma a nahiyarmu sai ya je Suwis an ɗura shi a kwanso kafin ya dawo mana da ninkin kuɗinsa.

Ga inda na tsaya. Na sayi ƙaramin inji na tsohon tsari, mai maɓalli biyu, domin shi ne ba ya ɗaure ni ga kamfani ɗaya: in kwanson wannan ya yanke, na wancan zai shiga. Na haɗa da regilatar. Na kuma sa aka kawo mini kwanso biyu na baƙin ƙarfe waɗanda ake ɗurawa da hannu a wanke a sake, ina cika su da garin da na saya a ƙunshi. Sai an koyi hannu, domin in garin ya yi laushi da yawa ruwa ba ya wucewa, in ya yi tsaki kuma kafen ya fito salam, kumfarsa ma ba ta kai ta na asali. Na asalin ina ajiye kwali ɗaya domin daren da aiki ya matsa, lokacin da ake rufe jarida. Injin yana ɗakin karatuna, kofi ɗaya bayan sallar asuba, ɗaya bayan azahar, ba na wuce haka. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce a 2015 miligiram 400 na sinadarin kafe a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai ciki kuma kada ta wuce 200. Ƙaramin kofi ɗaya yana da 60 zuwa 80, robusta kuwa ya kusa ninka arabika ƙarfi. Amma wanda ke haɗawa da goro da shayi uku, ko mai hawan jini, ya san ba daga sifiri ya fara ƙirga ba. A falo buta ce ke nan har gobe, da ƴar Italiya ga wanda ya ce kafe yake so.

Saura kwansunan da aka sha. A Turai akwai wuraren da ake mayar da su a narke, a nan babu mai zuwa karɓa, na roba kuma sai su bi sahun baƙar leda zuwa magudanar ruwa. Na alminiyom ina farke su, garin in zuba a gindin shukokin tsakar gida, kwanson in tara a buhu. Na kai wa wani maƙerin tukwane a Katako, cikin masu narka gwangwanaye su zuba tukunya da ludayi. Ya ɗaga buhun ya jijjiga, ya ce tarin wata uku bai kai nauyin murfin tukunya ɗaya ba, amma in ci gaba da tarawa, in ya cika zai karɓa.